Mai Jar Hula

A Tamanrasat na cire rawanina, kuma ba wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya. Ina faɗin haka tun yanzu don kada in kai tsakiyar labari in fara waige-waigen wanda zan jingina wa laifi, domin na san halina.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Birnin Lalle, a ƙasar Dakoro. Kakanninmu daga bakin hamada suka gangaro, suka zauna suka kama noma da kiwo. Harshe ya koma Hausa, amma rawani bai sauka ba. A wurinmu ranar da aka naɗa wa saurayi rawani ita ce ranar da ya shiga sahun maza, daga nan ba ya ƙara yawo da kai a waje. Akwai kuma amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki. In ka hango babba sai ka ɗan ja shi sama. In kuwa surukinka ne, har bisa hanci za ka kai shi, ido kaɗai zai gani, shi ma haka zai yi maka. Shekara uku ina auren Hadiza kafin tafiyar nan, mahaifinta bai taɓa ganin haƙorana ba, ni ma ban taɓa ganin nasa ba. Ko sunansa ba zan rubuta ba. Baba nake ce masa, haka zan kira shi a nan.

Rawanin da na shiga Aljeriya da shi na aurena ne, baƙi mai sheƙi, irin wanda ke barin shuni a goshi. Mahaifina tunkiya ya kai kasuwar Dakoro ya sayo mini shi. A Tamanrasat aka sauke mu gidan wani mutumin ƙasarmu da ake ce wa Sarkin Hanya, mai karɓar baƙi yana nema musu mota zuwa arewa. Mutum ne mai zaƙin baki, in yana magana sai ka rantse ɗan uwanka ne na ciki ɗaya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya girgiza kai kamar mai tausayi.

"Kai yaro, da wanga tulin za ka tahi arewa? Tun daga nesa polis za su tsinto ka kamar baƙin rago cikin farare. Kawo in aje maka."

Ya shiga ɗaki ya fito da wata hula. Ja ce wur, ta saƙa, da farin tuntu a bisa kamar lemun tsami, ga wasu kunnuwa biyu da ke saukowa gefe da gefe, kowane da igiya. Ya ce hular Turawa ce, ta ƙasar ƙanƙara, manyan mutane ke sa ta. Na warware rawanina na miƙa masa. Washegari a tasha na gan shi a kan wani direba, har ya naɗa shi a karkace. Na tsaya ina kallo.

Zan iya cewa tsoro ne ya sa, kuma akwai tsoron. Amma ba shi kaɗai ba ne. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na ɗanɗana kwalej a Dakoro, ina jin Faransanci daidai gwargwado, kuma tun a can nake jin wani abu a raina in ƴan gari suka ce mana mutanen daji. Da na sa hular nan na leƙa madubin mota, sai na ga wani ɗan birni yana kallona. Wallahi ya burge ni.

A Gardaya na yi wata huɗu ina dakon kwandunan dabino. Can zafi ake yi, hular tana cikin jaka, kaina kuwa a waje kamar na ɗan da ba a yaye ba. Makon farko duk wanda ya dube ni sai in ji kamar wando na manta. Daga baya na saba. A nan ne kewar gida ta fara cina. In na ji kukan akuya a bayan wani gida sai in tsaya da kwando a kai, har a daka mini tsawa. Hadiza takan kira ni da wayar ƙaninta, ta sa ɗanmu Musa ya yi mini gwaranci. Rannan ta ce in aiko da hoto su ga ko na rame. Na je wurin wani ɗan Mali da muke kwana ɗaki ɗaya, na ari rawaninsa, na naɗa, aka ɗauke ni, na mayar masa. Ta ce na yi kyau.

Da aikin dabino ya ƙare aka ce akwai aikin gini a Jalfa, can gaba, bisa tudu. Na isa ana shiga ɗari. Mu ma muna da ɗari a Dakoro, har tsofaffi su kwana gefen wuta, amma abin da na tarar a Jalfa ban san sunansa ba. Iskar garin ba ta san riga ba. Ruwan alwala in ka bar shi a buta sai ka tarar ya zama dutse. Mutanen garin suna da tasu dabara, wata doguwar riga ta ulu mai haɗe da hula da suke ce wa kashabiya, in mutum ya shige ciki ya ja hular sai hancinsa kawai kake gani. Ni kuwa na zaro jar hulata na kafa, na ɗaure igiyoyin a ƙarƙashin haɓa. Gaskiya tana da ɗumi, ba zan ci amanarta ba.

Ranar da na fara shiga shantiye, wato filin da ake ginin, duk ma'aikata suka bar abin da suke yi suna dariya. Wani ya zo ya ɗan taɓa tuntun. Suka sa mini wani suna da harshensu, ni kuma na washe baki, na ɗauka farin jini ne. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani tsohon magini da ake kira Ammi Tahar. Shi ne yake gutsuro mini burodi da zaitun in an tashi cin abinci, shi ya nuna mini in riƙa sa jarida a cikin riga don tare iska. Ya taɓa kawo mini wata tsohuwar kashabiyarsa, duk faci, ya ce in sa. Na yi godiya na ƙi. A raina na ce ni da hular Turawa me zan yi da tsumman makiyaya.

A titunan garin akwai mutanen ƙasarmu da wahala ta kai su ga miƙa hannu. In mun wuce su a motar aiki sai ma'aikata su nuna su, su dube ni, su ce ga ƴan uwanka. Abin yana ƙona mini rai. Sai na ce musu ni ba irinsu ba ne, ni ɗan Yamai ne, ubana ma'aikacin gwamnati ne, tsautsayi ne kawai ya fito da ni. Yamai kuwa ko hanyarta ban taɓa takawa ba. Ƙaryar ta yi mini rana. Mai shantiye ya ji ina Faransanci, ya sa ni tsakaninsa da leburori baƙar fata, ya ba ni makullin ƙofa da wani ɗan ɗaki na kwano mai murhun gas. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada in kuskura in jawo masa baƙi, domin yawancinmu ba mu da takardu, ba ya son ido ya dawo kan wurin.

Ina cikin wannan daula Hadiza ta kira. Ta ce fari ya cinye tumakin Baba, saura ƴan ƙalilan, kuma wani ya samo masa aikin kiwo wurin wani Balarabe a bayan garin Jalfa. Har ya kama hanya. Ta ba shi saƙo ya kawo mini, ta kuma kwatanta masa inda nake aiki yadda na kwatanta mata. Ta ce in tarbe shi da kyau, tsoho ne, bai san kowa ba. Na ce to, in sha Allahu. Na kashe waya na zauna ina lissafin girman garin, ina gaya wa kaina ai da wuya ya gano wurin. Mutumin da ke bin sawun raƙumi kwana uku a cikin rairayi, shi nake fatan ya ɓata a gari mai tituna.

Ranar da ya zo, ƙanƙara take zuba tun asuba, fara fat, kamar ana tankaɗen gari. Da hantsi muna sauke buhunan siminti kusa da ƙofa, mai shantiye yana tsaye a kanmu, sai na ji sallama. Muryar kaɗai ta ishe ni. Na juya.

Yana tsaye bakin ƙofa, dogo, ya ɗan ranƙwafa. Farin rawaninsa ya koma ruwan ƙasa saboda hanya, ƙanƙara ta taru a bisansa. Ya yafa bargo a kan riga. A ƙafarsa fade ne, takalman gida, ya sa safa a ciki, safar ta jiƙe. Yana rungume da wani ƙulli a ƙirji. Idonsa ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya har ya iso kaina, ya tsaya. Sai ya ɗaga hannu ya ja amawalinsa sama, har bisa hanci.

Duk wurin ba wanda ya san ma'anar abin da ya yi sai ni. Su sun ɗauka sanyi ne. Ni kuwa hannuna da kansa ya tashi zuwa bakina don in rama gaisuwar, bai tarar da komai ba sai igiyar hula. Ga ni gaban surukina baki a buɗe, haƙora a waje, da tuntu a ka.

Ma'aikata suka fara ƴan maganganunsu, wani ya ce ga wani ya zo bara har wurin aiki. Mai shantiye ya dubi Baba, ya dube ni, ya tambaye ni da Faransanci ko na san shi.

Baba ba ya jin Faransanci. Da na amsa da baki, ko me na ce, da wataƙila bai gane ba. Amma sai na girgiza kai. Na ji tuntun nan yana kaɗawa a bisa kaina, dama da hagu, dama da hagu. Wannan kam ba ya bukatar tafinta.

Mai shantiye ba mugu ba ne. Ya sa aka ɗauko burodi guda ya miƙa wa Baba, ya yi masa nuni da hannu ya tafi. Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya sunkuya ya ajiye ƙullin a gindin ƙofa, ya ɗora burodin a kai, ya juya. Ina kallon bayansa har ya sha kwana, fadensa suna nutsewa cikin ƙanƙara. Na sunkuya na ɗauki buhun siminti.

Da aka tashi cin abinci Ammi Tahar ya ɗauko ƙullin ya same ni a bayan tulin bulo. Ya ajiye shi a gabana. Da guntun Faransancinsa ya ce mini mai bara ba ya zuwa da kaya ya bari. Ya dubi kaina. Sannan ya ce tun tuni yake so ya gaya mini wani abu, yana jin nauyi: hular nan ta yara mata ce, jikarsa mai shekara biyar tana da irinta sak, har tuntun. Sunan da ake kirana da shi kuwa, ma'anarsa ƴar yarinya. Ya dafa kafaɗata ya tashi.

Na kwance ƙullin. Cuku ne, irin wanda Hadiza ke shanyawa a bisa tabarma, an jera shi da kyau cikin leda. A ƙarƙashinsa sabon rawani fari, a naɗe, ko wanki bai gani ba. Daga baya ta gaya mini ta ji ina tari a waya, ta ce ɗaya ba zai ishe ni ba a wannan ƙasa, in riƙa haɗa biyu. Ita a saninta na farkon yana kaina. Na kifa fuskata cikin rawanin na yi kuka kamar yaro, ina toshe baki kada a ji.

Da la'asar ta kira tana tambaya ko Baba ya iso. Na ce ya zo ba na nan, ya bar saƙo. Ta ce kash, to in neme shi. Na ce zan neme shi.

Kwana tara na yi ban je ba. Kullum da abin da nake gaya wa kaina: yau aiki ya yi yawa, yau hanya ba kyau, gobe. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Kalma ɗaya daga bakin Baba in ta isa gida, na gama yawo. Ba sakin aure nake tsoro ba kawai. A ƙauyenmu mutumin da ya ce bai san surukinsa ba, a baƙon wuri, cikin sanyi, ko gawarsa sai an yi shawara kafin a ɗauka. Hular kuwa na ci gaba da sa ta, don kunnuwana ba su san kunya ba, sai dai na yanke igiyoyin, kamar hakan zai rage wani abu.

Ranar kasuwar tumaki na ce wa mai shantiye ba ni da lafiya. Na tsaya a ɗakin kwanon nan ina naɗa rawani. Hannun da ya shekara goma yana wannan aiki sai ga shi ya manta, sau uku ina warwarewa. Na fita ta gaban ma'aikata, suka bi ni da kallo. Ammi Tahar ne kawai ya ɗaga mini hannu daga kan bango.

A kasuwa na yi ta tambaya har na samu wani makiyayi ɗan wajen Tawa da ya san Baba. Ya ce ai tsohon yana kwance. Muka hau bayan wata motar ɗaukar dabbobi, a hanya yake ba ni labari, shi bai san da wa yake magana ba. Ya ce ranar da aka yi babbar ƙanƙarar nan tsohon ya shiga gari neman surukinsa, bai same shi ba. Kafin ya koma tasha motoci sun daina fita. Ba shi da wurin kwana a gari, bai san kowa ba, sai ya kama hanya da ƙafa. Da ya iso garke, ƙafar hagu ba ta jin komai. Mai tumakin ya kai shi wurin likita, aka yanke yatsu biyu. Na ja amawalina sama, na juya fuska wajen iska.

Wani ɗan ɗakin dutse ne a gefen garke. Baba yana zaune a kan buhu, ya miƙe ƙafar, an naɗe ta da farin ƙyalle. Na cire takalma tun daga waje, na tsuguna a bakin ƙofa, nesa da shi, yadda ake yi. Ya ja amawalinsa. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, ya ce Musa ya fara gudu. Ni dai ina amsa lahiya lau, idona a ƙasa. Da gaisuwa ta ƙare ya ce:

"Na tahi neman ka rannan, ban ishe ka ba. Wani mai jar hula na tarar bakin ƙohwa. An tambaye shi, ya ce bai san ni ba." Ya gyara zaman ƙafarsa. "Gaskiya ya hwaɗi. Ni ma ban san shi ba."

Na ɗago. Idon nan da ya tsaya a kaina ranar, shi ne yake kallona, ko ƙiftawa ba ya yi. Ya san na ga lokacin da ya ja amawali. Na buɗe baki na ce, "Baba, ai ni..."

"Ja amawalinka, ɗana. Iska na shigowa."

Na ja. Maganar ke nan, bai ƙara tayar da ita ba. Da ya zage ni, ko ya ɗaga sandar kiwonsa ya sauke mini a baya, da na samu inda zan tsaya. Ya bar ni da abina ni kaɗai, ya sa makiyayin nan ya dafa mini shayi, Baba kuma ya juya baya don in sha, tunda suruki ba ya ci ba ya sha a gaban suruki.

Ban koma shantiye ba sai don in kwaso kayana in mayar da makulli. Na roƙi mai tumakin ya bar ni in riƙe aikin Baba har ya warke, ya yarda. Sauran ɗarin nan a bayan tumaki na yi shi, cikin tsohuwar kashabiyar da Ammi Tahar ya sake miƙo mini ranar da na je sallama, wannan karon na karɓa da hannu biyu. Rawani a ciki, hular kashabiya a bisa, sai ga shi kunnuwan ba su mutu ba. Kada wani ya ce na yi abin kirki. Yatsu biyu ba sa tsirowa don an yi wa mutum kiwo.

Da sanyi ya wuce Baba ya ce gida zai koma, ƙafar ba ta bin tumaki. Muka taho tare. Na saya wa Hadiza turmin atamfa da ƴan kofunan shayi na gilashi guda shida. Da nake ɗaure kaya na rasa abin da zan naɗe kofunan kada su fashe, sai hannuna ya faɗa kan jar hular. Na cusa su ciki na tura ƙasan jaka, na ce in mun kai Tamanrasat na jefar. Muka wuce Tamanrasat, muka wuce Agadas, hankalina yana kan ƙafar Baba da hawa da saukar mota, na manta da ita sam.

Mun isa gida ana shirin shuka. Mutane suka cika gidan Baba, kowa yana tambayar ƙafa, shi kuma yana cewa sanyin ƙasar ne, sai wanda ya gani. Ya gaya musu surukinsa ya bar aikin birni ya zo ya riƙe masa garke. Tsofaffi suka yi ta sa mini albarka. Kowace albarka in ta sauka sai in ji kamar an ɗora mini bulo.

Washegari da hantsi Hadiza ta shimfiɗa tabarma a ɗaki ta jawo jakata tana fitar da tsaraba. Musa yana waje wurin kakarsa. Ta yaba atamfar, ta kara ta a jiki. Tana cikin fitar da kaya take ba ni labarin yadda ta ji ranar da aka ce an yanke wa Baba yatsu. Ta ce ta matsa masa a waya sai da ya gaya mata yadda aka yi, ya ce wani mai jar hula ne ya tarar a ƙofa, mutumin ya ce bai san shi ba. Muryarta ta canza.

"Tun rannan, Baban Musa, ban yi salla ba da ban kai ƙarar mutumin nan wurin Allah ba. Tsoho, baƙo, cikin ƙanƙara. Ko ba ka san shi ba, ba ka ce mishi shigo ka ji ɗumi?" Ta share ido da bakin mayafi. "Kai da kake aiki a wurin, ka san mutumin?"

Sai a lokacin na tuna abin da ke ƙasan jakar. Hannunta yana ciki, saura riga biyu ta kai. Ina iya jawo jakar in ce sauran kayan maza ne. Ina iya girgiza kai, na riga na iya. Baba ya gina mini katanga, ba abin da ya rage sai in zauna a bayanta har in mutu, matata kuma ta ci gaba da kai ƙarata sau biyar a yini tana dafa mini tuwo.

Na ce, "Na san shi. Duba ƙasan jaka."

Ta zaro ta. Ta riƙe ta a hannu, tuntun yana lilo. Ta dube ta, ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zare kofunan ɗaya bayan ɗaya ta jera su a kan tabarma, duka shida, ba wanda ya fashe. Sannan ta ja mayafinta ta rufe fuska, yadda take yi in baƙo ya shigo gida.

"Baba ya gane ka?"

"Ya gane ni. Har amawali ya ja."

A waje ina jin Musa yana kora kaji.

"Shi ya iya," in ji ta. "Ni ban iya ba tukuna."

Na ɗauka za ta jefa hular a murhu. Sai ta tashi ta rataye ta a ƙusar da ke fuskantar shimfiɗata, inda nake rataye rawani in zan kwanta. Ba ta kai maganar gidansu ba, ba ta gaya wa kowa ba. Ta yi makonni tana ajiye mini abinci ba tare da ta zauna ba, daga baya ta fara zama. Hular dai ba ta sauke ta ba, ni ma ban isa in taɓa ba. In Baba ya zo wucewa da sandarsa, yana jan ƙafar hagu, nakan fita in tsuguna, mu ja amawali mu gaisa, ya tambaye ni gona.

Bana da ɗari ya shigo, Musa ya hau kan turmi ya miƙa hannu yana son hular, ya ce kunnuwansa na ciwo. Ina zaune ina jin su. Hadiza ta sauke shi, ta ɗaura masa ɗankwalinta a ka, ta ce ya bar ta inda take, ba tasa ba ce, ta babansa ce.